A San Ka Da Aikinka Tun Kana Makaranta

Ina gaida mutanen birnin Daura. Ina gaida na Zango da Baure, da Sandamu da Mai'adua. Ina gaida 'yan'uwa da ke kama mu daga tsallaken iyaka, wajajen Matamaye da Magarya.

Yau da 'ya'yanmu masu karatun gaba da digirin farko nake son magana. Masu neman digiri na biyu, da masu neman na uku, wato digirin digirgir. Amma iyaye, ku ma ku matso kusa. Ku ne kuke fitar da gero daga rumbu, ko ku kai ɗan maraƙi kasuwa, don a biya kuɗin rajista. Maganar nan taku ce.

Magana ɗaya na zo da ita, kuma zan yi ta nanata ta har mu rabu. Ɗalibi, ka yi yadda za a san ka da aikinka tun kana makaranta. Ɗaliba, ke ma haka. A san ku da aikinku tun kafin ranar da za ku fita neman aiki.

To, bari mu fara daga ƙofar gida.

Wanda ya bar Daura shekara goma sha biyar da suka wuce, in ya dawo yau, zai ga abin da bai bari ba. Da can muna da Kwalejin Yusuf Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. A ƙarshen 2019 ɗin kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda yanzu ɗalibai ke karatu a cikinta. Ga kuma layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Zai taso daga Kano, ya bi ta Kazaure, ya ratsa Daura, ya wuce Katsina da Jibiya har Maraɗi.

Gini da ƙarfe ba sa tafiyar da kansu. Mutane ne za su raya su. Jami'a tana buƙatar malamai, kuma malamin jami'a ba ya nisa sai da digiri na uku. Jirgin ƙasa yana buƙatar injiniyoyi, da masu tsara dakon kaya, da masu lissafi. Tambayar da ke damuna ita ce: nan da shekara goma, 'ya'yan wa za su zauna a kan kujerun nan? Makarantun tarayya ne. Kowane ɗan Nijeriya yana da haƙƙin ya nema. Ba wanda zai ajiye mana kujerar malanta don kawai a ƙasarmu aka yi ginin. Wanda aka san shi da aikinsa, shi za a kira.

Yanzu zan taɓa wurin da ke ɗan ciwo. Ku yi haƙuri da ni.

Ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shugabanci ƙasar nan shekara takwas, daga 2015 zuwa 2023. A tsawon wannan lokaci wani tunani ya kwanta a zuciyar matasanmu da yawa. Tunanin cewa aiki sai mai uwa a gindin murhu. Cewa in ka samu wanda zai rubuta maka 'yar takarda, ko ya ɗaga waya ya kira wane a Abuja, shi ke nan ka haye. Sai ka ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya bar ɗakin karatu, ya koma tsaron ƙofar gidan manya, ambulan a hannu, tun safe har azahar.

Ba zan ɓoye muku ba, a ƙasar nan ana samun aiki ta wannan hanya. Kowa ya san da haka. Amma ku duba abin da ke cikinta. Mulki ba ya dawwama a hannun kowa. 'Yar takardar tana buɗe ƙofa sau ɗaya, amma ba za ta shiga aji ta koyar a madadinka ba. Sau da yawa kuma gurbin da aka ba ka haƙƙin wani ne da ya fi ka cancanta, wanda ba shi da kowa. Wannan nauyi ne da za a yi tambaya a kansa gaban Allah. Sannan akwai wuraren da takardar ba ta da darajar ko sisin kwabo. Kwamitin da ke tantance masu neman tallafin karatu a Ingila ko Jamus bai san wane ba. Editan mujallar ilimi bai san ɗan gidan wa kake ba. Aikinka za su duba, da shaidar waɗanda suka ga aikin da idonsu.

Tara irin waɗannan shaidu shi nake nufi da sanin mutane. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku tuna yadda ake neman ilimi a zaure. Ɗalibi ya sauke littafi, sai malaminsa ya ce, "Ka tafi wurin wane a Katsina, ko Kano, ko Zariya. Ya fi ni a wannan fanni. Ka ce ni na aiko ka." In ya isa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "A wurin wa ka yi karatu?" Sunan malaminsa shi ke sa a shimfiɗa masa buzu. Amma malami ba ya aika ɗalibin da bai zauna gabansa ba, bai ji karatunsa ba, bai ga ladabinsa ba. Haka jami'a take har gobe.

Ku dubi mutumin da kwalejinmu ke ɗauke da sunansa, Dokta Yusuf Bala Usman, wanda ya rasu a 2005. Jikan Sarkin Katsina Dikko ne. Da sunan gida ya isa, da bai wahalar da kansa ba. Amma da ya zo yin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a kan tarihin Katsina, sai ya zauna gaban malaminsa, Farfesa Abdullahi Smith. Ya bi garuruwa yana zama da dattawa da malamai yana tambaya, har ƙasar Maraɗi. Yau in an ambace shi a jami'o'i, da wannan aikin ake tuna shi, da ɗaliban da ya yaye. Akwai kuma wani masani ɗan Jamaika, M. G. Smith, da ya zo har ƙasar nan ya zauna da dattawa da mutanen fada. Littafinsa a kan sarautar Daura da Zango da Baure ya fito a 1978. Har yau mai binciken tarihinmu sai ya buɗe shi. Mutum ne da ba shi da kawu ko baba a nan.

To, masu sauraro, ta ina ɗalibi zai fara?

Zai fara da malamin da ke duba kundinsa, wanda ɗalibai ke kira sufabaiza. A shekarun nan ba wanda ya fi shi muhimmanci a karatunka. Amma ku ga yadda da yawa suke yi. A ba ɗalibi gyara a babi na biyu, sai ya ɓace. Wata huɗu, wata biyar, ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai an kafe sanarwar ranar kare kundi, sannan ya bayyana a ƙofar ofis yana haki. "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mini hannu." Malamin zai iya sa hannu. Amma ranar da abokin aikinsa ya tambaye shi, "Kana da wani ɗalibi da za mu ɗauka a aikin binciken nan?" sunan wannan yaro ba zai faɗo masa a rai ba.

Ga wani ɗalibin kuma. An ba shi gyara, bai wuce mako biyu ba ya dawo da shi. Ya yi wa wuraren da ya gyara alama, don kada malam ya sha wahalar nema. In bai gamsu da wani gyara ba, ya faɗi dalilinsa cikin ladabi, ya kawo hujja. In wani uzuri ya tsare shi a Baure, ya aika saƙo tun da wuri. In ya ji malam zai fita ƙauye tattara bayanai, ya ce, "Malam, in da hali ina so in bi ka in koya." Wannan ɗalibi bai roƙi komai ba. Amma ya riga ya samu mai yi masa shaida.

Na ce shaida, kuma ina so ku riƙe wannan. Kusan duk wani tallafin karatu mai daraja sai an nemi waɗanda suka san aikinka su yi shaidarka a rubuce. Haka na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila yake. Haka Chevening na Birtaniya, haka DAAD na Jamus. Takardar da malami ke rubuta wa wanda bai sani ba layi uku ce: ɗalibina ne, yana da ladabi, a taimaka masa. Wadda yake rubuta wa wanda ya sani kuwa, za ka ji yana ba da labarin matsalar da yaron ya ci karo da ita da yadda ya warware ta. Masu tantancewa sun saba karanta irin waɗannan takardu. Suna gane bambancin tun a layin farko.

Daga ofishin malam, mu shiga ɗakin taro.

Sassan jami'a suna shirya taron ƙara wa juna sani. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ana yi. A Dutsin-ma ana yi. A Bayero da Ahmadu Bello ana yi. Mafi yawa kyauta ne. Amma ku leƙa ɗakin ku gani. Kujerun gaba ba kowa. Ɗalibai sun cunkushe a baya kusa da ƙofa, kai a sunkuye a kan waya. Takardar halarta tana zagawa, kowa ya sa hannu ya sulale. Baƙon malami ya taso daga Zariya, ya yi awa guda yana bayani a kan abin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana bincike. Aka ce ko da mai tambaya. Ɗaki ya yi tsit. Wallahi wannan abu yana ƙona mini rai. Arziki ya zo har gida, aka bar shi ya koma.

Kai ɗalibi, ka zauna a gaba. Kafin ranar, ka nemo wata maƙala da baƙon ya rubuta ka karanta. Ka shirya tambaya ɗaya mai ma'ana. Ka miƙe, ka faɗi sunanka da abin da kake bincike a kai, ka yi tambayarka a taƙaice, ka zauna. In an tashi, ka ƙarasa ka gaishe shi, ka nemi adireshinsa na imel. Kada ka miƙa masa takardun neman aiki a ranar. Bayan kwana biyu ka rubuta masa. Ka yi godiya, ka tuna masa tambayarka, ka faɗi abin da ka ƙaru da shi.

A kuma kula da yadda ake aika saƙo. Kada ka rubuta sallama kawai ka yi shiru kana jiran amsa. Kada ka kira mutum da sha ɗayan dare. Kada ka tura masa kundi sukutum ka ce ya duba maka kafin Juma'a. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da inda kuka haɗu, ka kawo buƙata ɗaya ƙarama, ka rufe da godiya. Bayan wata biyu ko uku ka sake waiwayarsa da labarin inda aikinka ya kai. Zumunci a ƙafa yake.

Mu ɗan leƙa waje, mu dawo.

Akwai wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter. Ya bi mutanen da suka samu sabon aiki a wani gari kusa da Boston, yana tambayarsu ta bakin wa suka ji labarin gurbin. Sai ya tarar yawancin waɗanda suka ji ta bakin wani, ba aminansu na kullum ne suka gaya musu ba. Mutanen da suke gani jefi-jefi ne, kamar tsohon abokin karatu, ko wanda suka taɓa aiki tare. Dalilin a fili yake. Abokan majalisarka, waɗanda kuke shan shayi tare kowane dare, abin da ka ji shi suka ji. Labarin da ba ka da shi yana wurin wanda ke zaune a wata majalisa daban.

Saboda haka ka dubi ajinku da kyau. A ajin digiri na biyu za ka samu jami'in kwastan, da ma'aikaciyar banki, da shugaban sakandare, da malamin gona. Za ka samu ɗan Binuwai da 'yar Kwara. Kada ka maƙale wa 'yan garinku kaɗai, ku zo mota ɗaya, ku zauna benci ɗaya, ku koma mota ɗaya. Ka taimaki wanda lissafi ya sha wa kai. Ka ba da littafin da ka samo. Ka riƙe lambar waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare, kana gaishe su. Ka shiga ƙungiyar masana fanninka tun kana ɗalibi. Nan gaba waɗannan mutane su ne daraktoci da shugabannin sashe. Ba za su manta wanda ya zauna ya warware musu darasi ana gobe jarrabawa ba.

Yanzu ga abin da na fi so 'ya'yan ƙasar Daura su ji. Ku saurara da kyau.

Kuna da abin da ɗalibin Legas ko Landan ba shi da shi. Filin bincikenku yana ƙofar gida. Muna bakin iyaka, muna bakin hamada, kuma abubuwan da masana ke son sani a kan iyaka da hamada a gabanmu suke faruwa.

Mu ɗauki kasuwar Mai'adua. Shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga Nijar, ana loda su a manyan motoci zuwa kudu. A ce ɗalibin tattalin arziki ne, ko likitan dabbobi, ya ce a nan zai yi bincikensa. Ba zai faɗa cikin kara da takardun tambayoyi a hannu ba. In ya yi haka, ɗauka za a yi mai karɓar haraji ne, kowa ya ja bakinsa. Zai fara zuwa ya gaida hakimi, ya gabatar da takardar makaranta. A haɗa shi da sarkin kasuwa da shugabannin dillalai. Kasuwa ta farko ya zauna a rumfa, ya sha fura, ya yi kallo. Ya ga yadda dillali ke buɗe bakin saniya ya duba haƙora. Ya ga yadda ake taya, yadda ake sallama, yadda ake cire la'ada, yadda ake canjin Sefa da Naira. Kasuwa ta biyu ya dawo. A kwana a tashi sai a fara ce masa, "Malam, zo ka ji." Daga nan bayanan da ba su cikin kowane littafi za su fara fitowa.

In ya gama, kada ya bar kundin a kan kanta ƙura ta rufe shi. Ya taƙaita abin da ya gano a shafi biyu, da Hausa, ya koma ya karanta wa dillalan. Su ne suka ba shi, suna da haƙƙin su ji. Ya kai kwafi ƙaramar hukuma da ma'aikatar da abin ya shafa. Ya gabatar da shi a taron masana. Ranar da wata hukuma ko ƙungiyar raya karkara ta zo neman wanda ya san cinikin dabbobi a wannan iyaka, wa za a nuna? Dillali zai nuna shi. Hakimi zai nuna shi. Farfesa zai nuna shi. To, wannan shi ne a san ka da aikinka.

Haka mai nazarin noma. Ga madatsar ruwa ta Sabke da masu noman rani. Ga gawo da sauran itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka raya a gonakinsu, har duniya ta zo kallo. A Jami'ar Bayero akwai cibiya sukutum ta nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Mai sha'awar sufuri kuwa, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a Zariya, ga jami'ar sufuri a gida. Kuma akwai aikin da in ba a yi shi yanzu ba, ba zai ƙara yiwuwa ba. Wa zai rubuta yadda direbobin manyan motoci da kasuwanninmu da farashin kaya suke tun kafin jirgi ya fara wucewa? Wanda ya yi wannan, duk mai son auna abin da jirgin ya canja sai ya neme shi. Kada kuma ku manta akwai jami'a a Maraɗi, akwai a Damagaram. Damagaram ta fi Kaduna kusa da mu, malamanta da yawa Hausa suke yi kamar mu. Ɗan Daura da ya ƙara da Faransanci ya buɗe wa kansa ƙofa biyu.

Na san wani yana saurare yana cewa, "Malam, gaskiya ka faɗa, amma ni kuɗin motar Katsina ma da kyar nake haɗawa." Na ji ka, kuma ban raina wannan uzuri ba. Rayuwa ta yi tsada. Sai dai ka duba, yawancin abin da na ambata ba ya cin kuɗi. Dawo da gyara a kan lokaci kyauta ne. Zama a gaba da yin tambaya kyauta ne. Taruka da yawa yanzu ta intanet ake yi. In kuma kana koyarwa a makarantar gwamnati ta gaba da sakandare, asusun TETFund yana da tsarin tallafa wa malamai su ƙaro karatu. Ka je ofishin da ke kula da shi a makarantarku ka tambaya.

'Yan'uwana mata, ban manta da ku ba. Na san akwai ɗaliba mai goyo a baya, da girki yana jiranta, da kundi yana jiranta. Ba kowane taro za ta iya zuwa ba. Ki nemi malamai mata da suka riga ki bin hanyar nan. Suna nan a Katsina da Kano da Zariya, daktoci da farfesoshi. Ku haɗa kai ku biyu ku uku, ku je tare. Ki kuma sani akwai binciken da ke kaɗai za ki iya. Namiji iyakarsa zaure. Ke kuwa za ki shiga har tsakar gida, wurin masu ƙuli-ƙuli da masu kiwo da ungozoma. Maigida, ka taimaka mata. Ka kai ta taron, ka kula da yaran yini guda. Duk malamin da ya nemi abin da bai dace ba don ya sa hannu a kundi, azzalumi ne. A kai ƙararsa, kuma iyaye su tsaya bayan 'yarsu.

Sai gargaɗi kaɗan. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sayo maka gurbin aiki, ka guje shi. Mujallar da za ta buga maƙalarka cikin mako guda don ka biya, ba tare da wani masani ya duba ba, ɓata maka suna za ta yi. Kada kuma ka biya a rubuta maka kundi. Ranar da aka zaunar da kai gaban kwamiti, tambaya biyu za ta tona asirin.

Kafin in sallame ku, ina da roƙo. Malamanmu da manyan ma'aikatanmu 'yan ƙasar Daura, in kun zo hutun salla, ku ware yamma guda ku zauna da ɗaliban unguwarku. Ku ji abin da suke bincike a kai. Ku ce musu, "Je ka wurin wane, ka ce ni na aiko ka." Iyaye, in yaro ya dawo gida, kada tambayar ta tsaya a kan yaushe zai gama. Ku tambaye shi me yake bincike a kai, kuma wane malami ne ya san aikinsa. Kai kuma ɗalibi, da ke ɗaliba, gyaran nan da malam ya ba ku yana nan cikin jaka. Ku fito da shi a daren nan, ku mayar masa kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya haɗa ku da mutanen kirki.